Tela da alƙawari: shekara biyu ina aiki da Google Calendar a shagona

Shekarata 19 ina ɗinkin kayan maza a Kano, 11 daga ciki a shagon kaina. Keke huɗu gare mu, ni da yara uku, sai ƙaraminsu da ke saka maɓalli da guga. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san sunan da muka yi a gari, wai tela ba ya cika alƙawari. Na daɗe ina jin zafin maganar nan, amma ban isa in musa ba, domin ni ma na saɓa wa mutane, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da ba a cika ganewa ba shi ne yawancinmu ba da niyyar ƙarya muke cewa "dawo ran Laraba" ba. Lokacin da nake faɗa, har cikin zuciyata na yarda zan gama. Matsalar ita ce mutum bakwai na yi wa alƙawarin Larabar nan, kuma babu inda na rubuta su da zan gan su a jere in san rana ɗaya ba za ta ɗauke su ba.

Abin da ya sa na nemi mafita ya faru ne a ƙaramar sallar 2023. An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, ana cikin wahalar ƙarancin takardun kuɗi, don haka mutane ba su samu sun sayi yadi da wuri ba. Sai da azumi ya raba tsakiya suka yo caa a kanmu. Ni kuwa duk wanda ya shigo sai in karɓa, in auna shi, in rubuta sunansa da alli a bakin yadin, in jefa kan tulin da ke bayan teburin yanka. A lissafina azumi talatin za a yi. Ranar Alhamis 20 ga Afrilu da daddare sai ga sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, gobe Juma'a sallah. A lokacin saura min kaya 14 da ko almakashi bai taɓa su ba.

Cikin su akwai na wani malamin firamare. Tun satin farko na azumi ya kawo yadin 'ya'yansa maza uku, farin yadi mai sauƙin kuɗi, ya biya kuɗin ɗinkin gaba ɗaya, ba kafin alƙalami ba. Da yake mutum ne mai haƙuri, kullum nasa nake turawa baya in yi na masu zuwa suna ɗaga murya. Bayan isha ya zo riƙe da hannun ƙaramin, yaro ɗan shekara biyar ko shida. Na ciro ledar daga ƙasan tulin, yadin yana nan a ninke yadda ya kawo shi, da sunansa da alli a gefe. Bai yi faɗa ba. Ya duba ledar, ya dube ni, ya ce, "Malam, da ka gaya min tun farko ai da na san yadda na yi." Na mayar masa da kuɗinsa, ya karɓa. Suna fita na ji yaron yana tambaya, "Baba, ina rigar tawa?" Har yau ina jin muryar nan. A wannan azumin na zauna a wajen tafsiri na ji an karanta hadisin alamomin munafuki uku: idan ya yi zance ya yi ƙarya, idan ya yi alƙawari ya saɓa, idan aka ba shi amana ya ci. Na sha jin sa tun ina ƙarami, amma daren nan ne na ji kamar da ni ake.

Bayan sallah ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Bayero ya zo gaishe ni, na ba shi labari. Ya ce, "Kawu, kawo wayarka." Ashe abin yana cikin wayar tun ranar da na saye ta, ban taɓa buɗe shi ba. Google Calendar kalanda ce ta kamfanin Google, ta fito tun 2006, kyauta ce, kuma yawancin wayoyin Android da ita suke zuwa. Wanda babu a tasa zai sauke ta a Play Store. Abin da kawai take buƙata shi ne adireshin Gmail, wanda yawancin masu irin wayar nan suna da shi ko da ba su sani ba, tunda da shi aka buɗe musu wayar. Ba ta cin data sosai. Ko babu intanet za ka iya rubuta abu a ciki ka duba, idan sabis ya dawo sai ta aika da shi ma'ajiyarta.

Sati biyun farko sun yi min nauyi, ba zan ɓoye ba. Na fara ne da rubuta ranar karɓa kaɗai: wane, kaftani biyu, Laraba. Wannan bai canza komai ba, tulin bayan tebur ne kawai ya koma cikin waya. Sai da na zauna na yi abin da ban taɓa yi ba a shekarun nan duka, na ƙirga awa nawa kaya ɗaya yake ci. Kaftani da wando marar aiki, daga yanka zuwa wibin (ɗinke bakin yadi kada ya zare) zuwa haɗawa zuwa maɓalli da guga, yana cin kusan awa 4 a hannun mutum ɗaya idan babu tsayawa. In da wuta, mu huɗu muna iya fitar da kaya 6 a rana ba tare da mun ɓata aiki ba. In babu wuta kuma sai janareta, 4 ne, domin tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ba ma iya barin sa yana ruri tun safe har dare. Mai aikin wuya kuwa sai ya je wajen masu aikin kwamfuta, ya yi kwana 2 ko 3 a can, a lokacin sallah har 5. Babbar riga mai surfanin hannu ba ma a maganar kwanaki, sai dai makonni. Da na ajiye wannan lissafi kusa da abin da na saba karɓa, sai na ga a azumin da ya wuce na karɓi aikin kusan kwana 40 a wata mai kwana 29.

Daga nan na sauya yadda nake rubutawa. Yanzu kowane ɗinki sau uku yake shiga kalandar, kuma daga baya nake farawa. Na fara sa ranar da mai kaya zai karɓa, sai in ja baya in sa ranar da za a kai wa mai aiki, sai in ƙara ja baya in sa ranar yanka. Idan na ja baya na tarar ranar yankan ta faɗa jiya, ka ga ke nan alƙawarin ba zai yiwu ba tun kafin in buɗe baki. Manhajar tana ba ka launi 11 ka zaɓa, ni biyar nake amfani da su. Ja na ranar karɓa ne. Kore na duk abin da zai fitar da ni ko yaro daga shago, kamar zuwa Kantin Kwari sayen shafi da zare, ko kai shadda wajen masu bugu. Ruwan ɗorawa na yanka. Shuɗi na gida. Ruwan toka kuwa na wurin da na bari babu kowa, wanda zan yi maganarsa nan gaba. Idan na buɗe shafin mako, kallo ɗaya nake yi in san halin da nake ciki. Ranar da ja ya kai shida ta rufe, ko wane ne ya zo.

A nan ne na ga ainihin amfaninta, kuma shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Kalandar ba ta ƙara min ko minti ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne ta sa na iya cewa "babu wuri" da gaskiyata. Da can kunya ce ke kashe ni. Mutum ya shigo da sallama, ya tambayi iyali, ya ajiye leda, ya ce ai ni naka ne, yaya za a yi ka ce masa a'a? Sai ka ce to Allah ya nuna mana, alhali ka san ba ka duba komai ba. Yanzu sai in juya masa fuskar wayar in ce, "Duba nan, yallaɓai. Wannan satin ya cika, mai zuwa ma ya cika. Ran Litinin ta sama ce ta farko da nake da wuri. In ta yi maka, bismillah, in kuma kana sauri, gara ka kai wani wajen tun yanzu." Mutum yakan yi musu da bakinka, amma da wuya ya yi musu da abin da idonsa ya gani.

Kada wani ya ɗauka abin bai ci min kuɗi ba. A azumin 2024, saura kwana 9 sallah, wani Alhaji da na shafe shekara shida ina yi wa ɗinki ya aiko direbansa da shadda kala goma, nasa da na 'ya'yansa, duk masu aiki. Na kira shi na ce, "Ranka ya daɗe, uku zan iya, su ma sai na hana kaina barci. Sauran sai bayan sallah." Ya ce zai ninka min kuɗin. Na duba kalandar, na ga in na karɓa sai na ture mutum goma da suka kawo nasu tun Sha'aban, yawancinsu masu kaya ɗaiɗai ne, wasunsu kayan sallar ke nan musu na shekara. Na ba shi haƙuri. Direban ya dawo ya kwashe duka goman, kuma har yau bai sake aiko min da ko ƙyalle ba. Kuɗin da na rasa a wajensa ya kai kuɗin hayar shagona na watanni, kuma na ji shi a jikina. Amma mutum goman nan kowa ya karɓi kayansa ranar da na ce, kuma da yawa daga cikinsu sun kawo min 'yan'uwansu daga baya.

Wani abu da ya dace da mu shi ne ana iya kunna kalandar Hijira a cikin setin, sai kwanan watan Musulunci ya riƙa fitowa ƙarami kusa da na Bature. Ga tela wannan babban abu ne, domin shekararmu da wata take tafiya, kuma sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2023 an yi ta 21 ga Afrilu, a 2024 ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma 30 ga Maris. Sai dai a kula, kwanan watan da ke cikin waya na lissafi ne, namu kuwa na ganin ido ne da sanarwar Sarkin Musulmi, don haka wani lokaci sukan saɓa da kwana ɗaya. Ni yanzu na yanke wa kaina hukunci, kowane azumi 29 ne a kalandata, kuma jan ƙarshe ranar 27 yake tsayawa. Idan an cika talatin, kamar yadda aka yi a 2024, ranar ta zama riba. A 2025 kuwa 29 aka yi, kamar shekarar da na kunyata. Daren da aka ce an ga wata, saura min kaya biyu a rataye, gogaggu, masu su ne ba su zo ɗauka ba. Na sallami yara tun kafin tara, suka samu adaidaita sahu, tunda tun 2022 aka hana su yawo bayan goman dare. Ni kuma na je gida na tarar ana auna zakkar kono, na zauna aka yi da ni. Rabon da in kwana a gida daren sallah har na manta.

Sai maganar ruwan toka. Duk mako ina toshe rabin yini biyu da wannan launi, ba na sa kowa a ciki. Na wuta ne idan ta ɗauke, na keke ne idan ya tsaya sai an kira mai gyara, na yaro ne idan zazzaɓi ya kama shi, na jana'iza ne, wadda ba ta sallama kafin ta zo. A garinmu mutum ba zai ce ba zai je jana'izar maƙwabci ba saboda yana da yanka. Da farko na ga kamar asara nake yi, wuri a buɗe ga mutane suna roƙo. Amma cikin shekara biyun nan makonnin da ruwan tokan ya wuce ba a cinye shi ba ba su da yawa. Duk wanda zai gwada manhajar nan, in ya cika kowace awa da aiki, ran farko da aka ɗauke wuta duk ginin zai rushe masa, ya ce abin ba ya aiki.

Shuɗin ne ban zata zai zama mafi muhimmanci ba. Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon suga, tana ganin likita duk bayan mako huɗu, ranar Talata, kuma sai an yi sammako bayan asuba an kama layi. Da can ƙanena nake turawa, ko in manta gaba ɗaya sai ta aiko a tuna min, wani lokaci ma ta yi shiru don kada ta dame ni, har maganinta ya ƙare. Manhajar tana da wurin da za ka ce abu ya riƙa maimaita kansa, kullum, ko duk mako, ko duk bayan mako kaza. Na sa asibitin Hajiya duk bayan mako huɗu, daga shida na safe zuwa sha biyu, da tunatarwa biyu, ɗaya saura kwana biyu don in tanadi kuɗin magani, ɗaya kuma daren ranar. Tun da yana zaune a kalandar kafin kowane ɗinki ya shigo, ɗinki ne yake kauce masa. Wata Talata muna zaune a benci muna jiran a kira lambarta, tana riƙe da katinta a cikin 'yar jakar leda, sai ta ce min, "Kai kuwa shagon fa? Kada ka bar aikin mutane saboda ni." Na nuna mata wayar na ce, "Hajiya, wannan shuɗin naki ne, ba na kowa ba." Ba ta karatun boko, amma ta daɗe tana kallon sa, sannan ta yi min addu'ar da ba zan rubuta a nan ba.

Haka na sa sauran abubuwan da ke dawowa: zubin adashi duk Juma'a, kuɗin makarantar yara saura mako biyu a koma, ranar da zan je Islamiyyarsu in ji haddar babbar 'yata, da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake hana fita da safe har ƙarfe goma. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne, amma sau nawa na yi wa mutum alƙawarin safiyar Asabar na manta da shi. Manhajar ta san "Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata", sau ɗaya ka saita shi ke nan. Ɗaurin aure ma da zarar an ba ni kati nake shigar da shi. Uwargida ta fi kowa jin daɗin wannan, domin yanzu in ta ce akwai suna gidan ƙanwarta ran kaza, a gabanta nake rubutawa.

Akwai ɓangaren ƙananan ayyuka da ake yi wa alamar an gama, kamar sayo zif, kiran mai kaya, biyan mai bugu. Wanda ba ka gama ba ba ya ɓacewa, yana biyo ka washegari. Yana da amfani, amma na lura in ka bari suka taru suka kai ashirin, ido yakan daina ganin su. Ni uku nake sa wa kaina a rana. Akwai kuma wurin bincike, ka rubuta sunan mutum ya fito maka da duk ɗinkin da ka taɓa yi masa da ranakunsa, abin da ya sha raba ni da gardama. Ranar da gilashin wayata ya mutu a daminar 2024, na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayi wata, na sa Gmail ɗina, kafin in iso shago komai ya dawo, har da launukansa. Littafin awona na farko ruwa ne ya cinye shi shekarun baya da rufin shago ya yi yoyo, babu inda na samo shi.

Yanzu abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya dogara da ita. A wayata da Turanci take magana. Sunayen kwanaki da watanni ba su da wuya, kuma abin da kake rubutawa da Hausarka kake rubutawa, amma shiga setin sai da ɗan yayata ya zauna da ni. Maigidana da ya koya min ɗinki, wanda da ajami yake rubuta awonsa har gobe, na nuna masa ya ce, "Ɗana, wannan naku ne." Abin da ya rage min wahalar rubutu shi ne Gboard, allon rubutu na waya na kamfanin Google, wanda yake da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma tun ƙarshen 2024 ana iya yi masa magana da Hausa ya rubuta. In shago ya yi shiru yana ji da kyau, in keke huɗu suna gudu sai na fita waje.

Na biyu, manhajar da agogo take lissafi, mu kuwa da sallah muke raba yini. Ba wanda zai ce maka zai zo huɗu da rabi, bayan la'asar zai ce. Lokutan sallah kuma suna motsi da shekara, magaribar Disamba daban da ta Yuni, kalandar kuma ba a gina ta don bin wannan ba. Abin da na yi shi ne na daina bin awa-awa. Na raba yinina gida huɗu: safe zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa magariba, sai bayan isha in ta kama. Yanka da safe nake yi, lokacin da idona yake garau kuma mutane ba su fara shigowa ba, domin kuskuren almakashi ba ya gyaruwa. Karɓa da gwaji bayan la'asar. Na sanar da kowa haka, kuma a hankali suka saba.

Na uku, ƙarar tunatarwarta 'yar ƙarama ce, irin ta saƙo, ba ta tashin mai barci, kuma ƙarar janareta tana danne ta. Wasu wayoyin ma, don tattalin batir, sukan kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye, sai tunatarwar ta makara. Ya faru da ni a tsohuwar wayata sai da aka shiga setin batir aka cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa. Abin da ba na so in rasa ko ta halin ƙaƙa, kamar asibitin Hajiya, ina haɗa masa da ƙararrawar agogon waya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba laifin kalandar ba ne. A cikin waya take, wayar kuma cike take da masu jan hankali. Ka ɗauka don ka duba yankan gobe, sai ka ga saƙo 40 a WhatsApp, kafin ka farga rabin awa ta tafi, yadi yana shimfiɗe yana jiran ka. Maganin da na samu shi ne na ɗora allon kalandar a fuskar wayar ta farko, inda da na kunna zan ga jerin yau ba sai na buɗe komai ba, na kwashe sauran manhajojin na kai su shafi na uku. Sannan kullum da safe ina kwafe aikin ranar da alli a wani ɗan allo da na rataye kusa da madubi. Wannan ya warware min matsalar yara ma, domin biyu daga cikinsu ƙaramar waya mai maɓalli gare su. Ana iya raba kalanda da wani ya riƙa gani a wayarsa, na yi haka da babban yarona, amma sai da muka bi ta burauza, kuma shi ma sai da Gmail. Ga sauran, allo da alli sun wadatar.

Ba ta riƙe lissafin kuɗi, wa ya ba da kafin alƙalami, wa ake bi ciko. Nakan rubuta a wurin bayani na ƙasan kowane ɗinki, amma ba za ta tara maka jimla ba. Awo ma yana nan a littafi, na fi yarda in gan shi da biro a gaban teburin yanka. Kuma duk abin da ba ka shigar ba, babu shi. Na ɗaura wa kaina doka cewa leda ba ta wuce bakin tebur sai ta shiga kalanda, mai kaya yana tsaye. Ranar da na yi sakaci na ce zan sa anjima, ranar nake komawa gidan jiya.

Wa zan ce ya gwada? Duk mai sana'ar da ke karɓar aiki yau ya ba da rana: tela, kafinta, mai walda, mai gyaran waya, mai yin kek da abincin biki, mai lalle, mai ɗaukar hoto. Wanda aikinsa bai wuce uku ko huɗu a mako ba, kalandar bango da biro sun ishe shi, kada ya wahalar da kansa. Wanda kuma zai fara, ya fara a lokacin da kasuwa ta lafa, kamar bayan babbar sallah, kada ya bari sai tsakiyar azumi. Kafin ya rubuta komai, ya ɗauki mako ɗaya yana duba agogo ya san awa nawa aikinsa yake ci da gaske, ba yadda yake zato ba. In da maki ake bayarwa, huɗu cikin biyar zan ba ta, ɗayan na riƙe shi har ranar da zan buɗe ta in ga Litinin da Talata a rubuce.

Inda har yanzu ban daidaita ba shi ne guga. A babbar sallar da aka yi ranar 6 ga Yunin 2025 ɗinki ya fito a kan lokaci, amma kaya suka taru a gaban yaro ɗaya da dutsen guga ɗaya, har mutum uku suka zauna a benci suna jira kusan awa guda. Na lissafa yanka, na lissafa aiki, na manta cewa shadda mai sitati tana cin kusan rabin awa a ƙarƙashin dutse. Na riga na buɗe wa guga launi na shida, na kuma sa wa kaina ranar 1 ga Rajab in sayo dutse na biyu da buhun gawayi, saboda ranar da babu wuta.